Cefane na cinye mini albashi tun kafin wata ya raba, yaya zan yi?

Tambayar ta fito ne daga wani magidanci a Kano. Ya ce shi ma'aikaci ne, su bakwai ne a gida har da shi da maiɗakinsa, kullum da safe yana ajiye kuɗin cefane, amma kafin ashirin ga wata sai ya koma karɓar kaya bashi a shagon unguwa. Yana son sanin ta inda zai rage kashe kuɗi ba tare da ya bar yara da yunwa ba.

To ɗana, Allah ya rufa asiri. Na yi shekaru ina riƙe da sito da kicin na wata makarantar kwana, ni ce mai zuwa kasuwa, ni ce mai auna wa masu girki, ni ce kuma wadda ake kira idan abinci ya ƙare kafin hutu. Da wannan idon zan ba ka amsa. Ba zan kama maka farashin komai ba, don wanda na faɗa yau kafin ka karanta ya canza. Duk lissafin da za ka gani a nan misali ne, ka cire lambobina ka sa na kasuwarku.

Cikin tambayarka akwai inda ka faɗi cutar da bakinka: "kullum da safe". Mai sayen abinci kullum shi ne mutumin da ya fi kowa sayen abinci da tsada a garin nan, ya fi attajirin da ke sauke buhuna. Ɗauki man gyaɗa. Mai shago ya sayi jarka, ya ɗura a kwalba, daga kwalba ya ƙulla a leda. A kowane mataki akwai ribarsa, kuma halal ɗinsa ce, ba zaluntarka ya yi ba. A ce kwalba tana naira 2,000, shi kuma ya fitar da ƙulli goma sha uku na naira 200 daga cikinta. Ka ga wanda ke aiken yaro kullum ya biya 2,600 a kan abin da ake sayarwa 2,000. Haka sukari yake, haka gishiri, haka garin tuwo, haka omo, haka gawayi. Ɗari biyu ba ta yi wa aljihu zafi lokacin fitarta, shi ya sa ba a lura. Sai ƙarshen wata mutum ya riƙa cewa kuɗin yanzu ba su da albarka. Albarkar tana nan, a cikin leda aka ƙulle ta.

Amma kafin ka ruga kasuwa sayen buhu, akwai aikin da ba ya buƙatar ko kwabo. Ka san abin da gidanka ke ci. Na sha tambayar magidanta kwano nawa na masara ke isar su a wata, da wuya a samu mai amsa. Ku samu littafi ɗan ƙarami, kai da uwargida, ku yi wata guda kuna rubuta duk abin da ya shiga tukunya da ma'auninsa da kuɗinsa, har ashana. Kada ku canza komai a wannan watan, ku dai rubuta. A ƙarshe za ka ga abubuwa huɗu ko biyar ne ke kwashe mafi yawan kuɗin, galibi hatsi da shinkafa da mai da kayan miya da abin hura wuta. A kansu za ka yi yaƙi. Ɓata lokaci ne ka tsaya cinikin naira hamsin a kan alayyahu alhali shinkafa kake saya gwangwani-gwangwani.

Ga yadda lissafin ke kasancewa. Gida mai mutum bakwai da yara a ciki, idan tuwo ake yi kowane dare, rabin kwano na gari kan isa. Kwano goma sha biyar ke nan a wata. Babban buhun masara yana ɗaukar kwano arba'in ko kusa da haka, idan an surfa an cire dusa ya ragu, don haka buhu ɗaya zai kai ku wata biyu da 'yan kwanaki. Yanzu ka san buhu biyar zuwa shida ne tuwon gidanka na shekara. Wanda ya san wannan lambar ya daina shiga kasuwa a makance. Dusar ma kada a bar wa mai inji, masu kiwo na saye.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce rabin sana'ar. Kowane abinci a ƙasar nan yana da watan arharsa da watan tsadarsa, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne. Gero kan fara shigowa tun wajen Satumba, masara da gyaɗa su biyo, dawa da wake su zo daga baya, zuwa Nuwamba da Disamba kasuwa ta cika. Nan ne kaka, nan ne manomi ke fito da kaya don biyan bashin taki da hidimar aure, farashi ya sauka. Daga nan yakan riƙa hawa a hankali, ya kai ƙarshen tsadarsa tsakiyar damina, Yuli zuwa Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa sabon amfani bai nuna ba. Duk kuɗin da za ka iya haɗawa, ko na adashi, ko wani alawus, ko kuɗin akuyar da aka sayar, ka sa kwasarsa ta faɗo a kaka. Idan kana cikin adashi a wurin aiki, roƙi uwar adashi ta ba ka ɗaukar Nuwamba. Wasu kan yi rububin ɗaukar sallah, bar musu.

Sai dai in gaya maka gaskiya, wannan ƙa'idar ba aya ba ce. A tsakiyar 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, irin su masara da alkama da shinkafa da wake, na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya yi ƙasa maimakon ya hau yadda aka saba. Waɗanda suka ci bashi suka tara buhuna don su sayar da riba sun ji jiki. Kai ba wannan kake yi ba. Kana sayen abin da za ku ci ne, ko farashi ya faɗi tuwonku yana nan. Abin da zan hana ka shi ne cin bashi mai ruwa don sayen hatsi, da sayen fiye da cin gidanka da sunan kasuwanci. Wani zai ce maka ajiye abinci ɓoye kaya ne da addini ya hana. Wancan na ɗan kasuwa ne da ke riƙe abinci don ya yi tsada a kan jama'a. Tanadin iyali daban ne, ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara.

Na san abin da ke ranka: Hajiya, mutumin da ke cin bashin shago ina ya ga kuɗin buhu? Ba a rana ɗaya ake fita ba. Ka zaɓi abu ɗaya tak a watan farko, wanda ba ya lalacewa kuma ƙullinsa ya fi cutarwa, misali mai. Ka sayi na wata guda a dunƙule, sauran kaya a ci gaba da saye yadda aka saba. Rarar da ta fito kada ta bi iska, a haɗa ta da kuɗin wata na biyu a ƙara sukari da gishiri da magi. Wata na uku a kama kwano goma na masara. Cikin wata biyar ko shida za ka ga abin da ake saye kullum ya koma ganye da ɗan kayan miya. Hanya ta biyu ita ce haɗin gwiwa. Ku huɗu a unguwa ko a wurin aiki ku haɗa kuɗi, ku sayi buhu ɗaya da jarka ɗaya da katan ɗaya a farashin sari, mutum ɗaya ya je, kuɗin mota ɗaya, a dawo a raba a gaban kowa da kwano ɗaya. A gaban kowa na ce, don na ga zumuncin da rabin kwanon shinkafa ya raba.

Bashin shago kuwa, ka sa shi a gaba ka kashe shi ko da kaɗan-kaɗan. Mai karɓar bashi ba ya ciniki, ba ya zaɓe, ba ya cewa wannan shinkafar ta yi tsakuwa. Abin da aka miƙo masa shi zai karɓa har da godiya.

Kana Kano, Allah ya ajiye ka a tsakiyar kasuwanni. Hatsi da wake da gyaɗa Dawanau, kan hanyar Katsina. Shinkafar buhu da sukari da taliya da mai da sabulu kasuwar Singa. Kayan gwari 'Yankaba. Kayan marmari 'Yan Lemo. Amma tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota ya zama wani ɓangare na farashin abinci. Idan daga Hotoro ko Sheka za ka tashi zuwa Dawanau don kwano biyar, kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa ya cinye rarar har ya nemi ciko, garin neman gira an rasa ido. Babbar kasuwa ta babban saye ce, sau ɗaya a wata ko sau biyu a shekara. Idan kana da ɗan'uwa a ƙauye, ko abokin aiki mai zuwa gida ƙarshen mako, kasuwannin mako irin ta Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis sukan fi sauƙi a kan wasu kayan, musamman da kaka. Ka ba shi saƙo, ka sa masa wani abu a kuɗin mota.

In ka shiga kasuwa kada ka saya a rumfar farko. Zagaya ka ji farashi a wuri uku. Ka lura da masu tarbarka tun daga bakin hanya suna tambayar me kake nema, dillalai ne, suna da amfaninsu ga baƙo amma la'adarsu daga aljihunka take fita. Buhu kuma ba a sayensa da ganin baki. Ka sa a soka a tsakiya da ƙasa a fito maka da samfur, don algus ba a sama yake zama ba. Ni da kwanona nake zuwa, wanda na san cikarsa. Kwano ba ɗaya ba ne, akwai wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, akwai mai awon da hannunsa ke tare hatsi idan yana saye ya sake shi idan yana sayarwa. Ba a banza aka saukar da sura guda a kan masu tauye mudu ba. Idan ka samu mai gaskiya, riƙe shi, ka zama nasa. Gyaran da zai riƙa yi maka da gaskiyar da zai gaya maka a kan kaya sun fi ragin naira ɗari da za ka samu wajen baƙo.

Kuma arha ba ita ce ƙaramin farashi ba. Ka tambayi uwargida wace shinkafa ce ke da auki. Tsohuwar shinkafa da ta bushe sosai tana shan ruwa ta kumbura, gwangwani huɗu nata ya yi aikin biyar na sabuwa. Shinkafar gida irin wadda ake turarawa a Kura, idan an samu mai tsabta, ta fi riƙe ciki, sai dai a sha aikin tsinta da rege tsakuwa. Sabon hatsi kuma da ruwa a jikinsa, wanda ya saya da wuri ya sayi ruwa da kuɗinsa, ga haɗarin fumfuna.

Nan ne nake son in daɗe, domin wurin ajiya ne mutane ke asarar duk abin da suka tara. Na taɓa sayen wake buhu takwas da kaka, ina murna na yi dabara. Na jingina su da bango a ɗakin da ke yoyo ta kusurwa, ban sake dubawa ba sai bayan wata uku. Da na kwance bakin buhu ƙwari ne suka tarbe ni, waken ya zama rariya. Ranar na koyi cewa saye rabin aiki ne.

Hatsi sai ya bushe ƙayau kafin a rufe shi. Ka ciza ƙwaya, idan ta fashe da ƙara ta bushe, idan ta lotsa da saura. Ko ka samu busasshiyar kwalba, ka zuba hatsin da ɗan busasshen gishiri, ka rufe ka girgiza ka bar shi ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da hatsin rana. Masara da gyaɗa masu fumfuna ba abin wasa ba ne, akwai gubar da ke fita daga ciki mai lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Duk arhar gyaɗar da ta yi baƙi-baƙi tana ɗaci, bar ta.

Maganin ƙwaron wake shi ne a hana shi iska. Akwai buhun nan mai leda biyu a ciki da buhu a waje, da ake kira PICS, wanda masana a jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro saboda wake, ana samunsa wajen masu kayan noma. A cika, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron da ke ciki numfashi zai ƙare masa ya mutu, ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. In babu shi, jarka mai murfi mai kyau tana yin aikin, a cika ta har wuya a toshe, amma ban da wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi. Dabarata ita ce in raba waken gida biyu: na ci a ƙaramin mazubi, na ajiya kuma ba a buɗe shi sai wancan ya ƙare, don duk buɗewa iska ce ka ba ƙwaro. A ɗora buhuna a kan katako, a ja su daga bango. Ina roƙonka kada ka yarda da mai cewa a yayyafa wa wake maganin ƙwari na feshi. Saboda ragowar irin wannan maganin Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Abin da Bature ya ƙi ci, kada ka ba 'ya'yanka. Idan za ka saya ma, sunsuna. Waken da ke warin magani, ko tsohon wake a tsakiyar damina da ko ƙwaro ɗaya bai kusance shi ba a buɗaɗɗen buhu, abin tambaya ne.

Gari ba ya jure ajiya kamar tsaba. A niƙa na mako biyu, a baza ya huce kafin a rufe.

Kayan miya nasu lokacin ya saɓa da na hatsi. Tumatir da tattasai da attaruhu arharsu da sanyi ne zuwa farkon zafi, Janairu zuwa Maris, lokacin da noman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam ke zubo da kaya da ruwan dam ɗin Tiga, har ka ga kwanduna jere a Kwanar Gafan ana neman mai saye. Da ruwa ya sauka sai su zama gwal. A 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, gidajen da ke da kauɗa ba su rasa miyar ja ba. To ka sayi kwando a lokacinsa, a yanka, a barbaɗa ɗan gishiri, a shanya a kan tabarma mai tsabta a sama, ba a ƙasa inda ƙura da awaki ke bi ba. Iskar hunturu da kanta za ta yi aikin. Kauɗar da aka yi a gida ta fi ta kasuwa nesa, ba ƙasa ba baƙi. Idan an jiƙa ta da ruwan ɗumi aka markaɗa da albasa da ɗan tattasai, sai wanda aka gaya wa zai gane. Wasu kan markaɗa su dafa su zuba a firij, amma wannan sai mai tabbacin wuta, kwana biyu babu ita an yi asarar kwando guda. Albasa tana arha bayan an cire ta, wajen Maris da Afrilu, ta yi tsada ƙarshen shekara. Tana son iska da inuwa, a baza ta, kada a ƙulle a leda, a riƙa cire wadda ta fara ruɓa. Kuɓewa da damina ake yanka ta a shanya.

Ka kuma daina ganin miyar ja ce kaɗai miya. Kakanninmu da kuka da kuɓewa da kalkashi da daddawa suka girma. Lokacin tsadar tumatir shi ne lokacin arhar ganye, zogale da rama da yakuwa da alayyahu, kamar an tsara. Daddawa mai kyau tana rage yawan magin da ake jefawa. Idan akwai ɗan fili a tsakar gida, bishiyar zogale biyu ta ishe ku kwaɗo da dambu.

Nama ba zan ce ku daina ba. Ku shiga watanda, a haɗa kuɗi a sayi sa a raba kashi-kashi, ya fi sayen tsoka biyu wajen mahauci kullum. Kai da ƙafa da kayan ciki suna ba miya ɗanɗano a kuɗi kaɗan, haka busasshen kifi. Waken suya kuwa shi ne naman talaka, kwano ɗaya idan aka yi awara a gida ya wadaci yara, a samu madararsa a kunu.

Wuta ma cefane ce. Waken da aka jiƙa tun dare yana nuna da wuri, tukunya a rufe ta fi buɗaɗɗiya saurin tafasa, kuma girki biyu a rana ya fi uku sauƙi idan an yi tuwon dare da ɗan yawa don ɗumamen safe. Ɗumame da koko sun fi shayi da burodi arha ga mutum bakwai, lissafa kuɗin burodi da madara da sukari na wata guda ka gani. Ita kuma mai girki ta riƙe gwangwani ɗaya na awo, kada a riƙa ɗiba da ido. Idan abinci na gaban mutum a buhu hannu kan buɗe, na ga gidan da suka sayi buhu ya ƙare da wuri fiye da lokacin da suke awo kullum. Sitona a kulle yake, ana fitar da na mako a ajiye a kicin. Abin da aka zuba wa almajiri ko maƙwabci ba na sa shi cikin asara, asara ita ce shinkafar da ta kwana ta yi yami aka zubar a kwata.

Sauran magana tsakaninka da maiɗakinka ce. Kuɗin da kake ajiyewa kullum ka mayar da shi na mako, ka damƙa mata. Ta fi ka sanin abin da ya ƙare da abin da zai kai jibi, kuma mace idan ta san rarar da ta yi ba za a ƙwace ba, za ka sha mamakin inda za ta kai naira dubu. Kada ka ce za ka rage kuɗin don ka ga ta yi saura, ranar da ka yi haka ka rufe ƙofar tattali da hannunka.

Azumi kuma kowace shekara yana matsowa da kamar kwana goma sha ɗaya, don haka duba kalanda tun yanzu. Sukari da gero da mai da wake da tsamiya ka saye su a Rajab, in ya yi nisa farkon Sha'aban. Wanda ya bari sai an ga wata, shi da duk garin ne za su haɗu a rumfa ɗaya.